Manang Feling da Ubannin Ɗaki na Huɗu

Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibitin tsofaffin sojoji da ke bayan garinmu, can ƙasar Ilocos inda gonakin taba suka ƙare duwatsu suka fara, ya san Felicidad Rabanal ko da bai san sunan ba. Manang Feling kowa ke ce mata, wato Yaya Feling, har likitocin da suka girme ta. Gajeriya ce, ƙafafunta sun kumbura saboda tsayuwa, ga murya wadda in ta kira sunanka daga ƙarshen baranda sai ka fara laluben laifin da ka yi. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aikin nas a Ɗaki na Huɗu.

Su arba'in da biyu suka gama makarantar jinya tare. Talatin da tara suna ƙasashen waje, biyu sun mutu, sai ita. Da farko ciwon mahaifiyarta ne ya riƙe ta, da tsohuwar ta rasu kuma ta duba ta rasa wanda za ta bar wa ɗakin. Haka shekaru suka tafi, ba miji, ba gidan siminti, tana haya a bayan kasuwar tafarnuwa. Duk Kirsimeti ƙawayenta na dawowa da ƙiba da ƙamshin turare, su rungume ta su ce, “Feling, ke kam aljannarki a shirye take.” Ta san abin da suke nufi.

Ɗaki na Huɗu na waɗanda ba su da mai zaman jinya ne. A sauran ɗakuna dangi ke ba mara lafiya abinci, su yi masa wanka, su kai fo, nas ta zo da allura ta wuce. A nan kuwa komai a kan nas yake. Tsofaffi goma sha shida ne, wasu sun yi yaƙin Japan tun gemu bai fito musu ba, wasu Koriya, wasu sun baro ƙafa a dazukan Mindanao. Kuma kada ka ce ba su haihu ba. Abin haushin ke nan! Rabinsu 'ya'yansu mata nas-nas ne, suna can Honolulu da Landan da Riyad suna juya iyayen wasu, suna aiko da kwalaye cike da naman gwangwani da sabulu. Sabulu kam ya yi yawa a Ɗaki na Huɗu, mai cuɗa bayan ce babu.

Wata Talata a watan Maris, daraktan asibitin, Dakta Pascua, ya aika a kira ta. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda zai ba ka mugun labari yana gyara furen da ke kan teburinsa.

“Manang, zauna mana.”

“Faɗi abin da za ka faɗa, Dakta, na bar mutum a kan fo.”

Ya faɗa. Nas biyu sun ajiye aiki, saura ita da wata guda. Takarda ta zo daga sama cewa ɗaki irin wannan sai da nas shida na dindindin. An ba su zuwa ƙarshen baɗi. In ba a samu ba za a rufe ɗakin, a kwashi tsofaffin a kai su babban asibiti a Manila, babban birnin ƙasa, tafiyar awa goma a mota.

“Manila? Tsohon nan Tatang Sebio ko harshen Manila ba ya ji sai zagi. Wa ya san su a can? Wa zai zo binne su?”

“To ki haifo mini nas shida.”

Ai kuwa ba ta yi kwana uku ba ta dawo masa da tsari a rubuce. A ba ta ɗalibai goma 'yan shekarar ƙarshe daga makarantar jinya ta gari. Su tare a asibiti, su kwana a tsohon sito na bayan kicin, su yi aiki a ɗakinta tana koya musu da hannunta. In sun ci jarrabawar ƙasa a ɗauke su aiki kai tsaye, su sa hannu za su zauna shekara uku.

Dakta Pascua ya karanta, ya yi murmushi. “Za ki horar da su, su ci jarrabawa, su gode miki, su hau jirgi. Manang, yau kika zo ƙasar nan?”

“Waɗannan ba za su tafi ba.”

“Da igiya za ki ɗaure su?”

“Da abin da ya fi igiya.”

Ga dabararta. Ɗan Ilocos yana iya guje wa gwamnati, yana iya guje wa mai gidan haya, amma ba ya juya wa ninong ɗinsa baya, wato uban da ya tsaya masa a gaban limamin coci. Saboda haka kowace ɗaliba za a ba ta tsoho guda ya zama ninong ɗinta, a sa musu albarka a ɗan cocin asibiti, gaban shaidu. Yarinya za ta iya yaga takardar aiki, in ji Manang Feling, amma da wane ido za ta bar ubanta a kwance ta tafi? Ta ji daɗin wannan tunani nata ƙwarai, har ta riƙa murmushi ita kaɗai tana wanke robar fitsari.

Wahalar da ta sha kafin abin ya tabbata, sai wanda ya gani. Ofis-ofis ta riƙa bi ranakun hutunta, wannan ya ce sai wancan ya sa hannu, wancan ya tafi taro. Da kanta ta share siton, ta kori ɓeraye, ta roƙo gadaje goma daga ɗakin da ake jibge tsofaffin kaya. A watan Yuli aka yi bikin. Tsofaffi goma da hankalinsu ke nan daram aka yi wa aski, aka turo su a keken guragu, 'yan mata goma cikin fararen kaya suka durƙusa, kowace ta kama hannun tsohonta ta ɗora a goshi. Har Dakta Pascua sai da ya ciro hankici.

Tatang Sebio, wato Baba Sebio, tsohon saje mai shekara tamanin da huɗu da ƙafa ɗaya, shi ya fi kowa mugun baki a ɗakin. Shi aka ba Jovelyn Tabios, 'yar wani manomin taba, siririya, hannunta duk kanta saboda tsinkar ganye. Ya dube ta sama da ƙasa.

“Wannan 'yar firit ɗin ce rabona? Ai ƙafata ta katako ta fi ta nauyi. Feling, ba ki da babba?”

“Tatang,” in ji Jovelyn, “bari in ɗaga ka sau ɗaya, za ka janye maganarka.”

“Ji ta! Da baki ma ta zo. To na karɓa.”

Manang Feling ba ta raga wa yaran ba ko kaɗan. Zanin gado ya ɗan tattare wuri ɗaya, a kwance a sake. Wadda ta nemi jijiya sau biyu ta rasa, ranar sai ta raina kanta. “Ading, ƙanwata, fatar tsoho ce wannan, ba buhun shinkafa ba!” Sun yi kuka a bayan kicin ba adadi, sun raɗa mata sunaye, amma sun iya aiki. Kafin wata huɗu warin da ya kama bangon Ɗaki na Huɗu tun zamanin da ya gushe. Tatang Sebio, wanda da yake ture kwano ya ce abincin asibiti ko fursunan yaƙi ba zai ci ba, ya koma cin miyar zogale da kifin da aka tsima cikin gishiri da uwar Jovelyn ke aikowa duk Lahadi. Shi kuma ya koya wa yarinyar zagin sojoji kala-kala, wai saboda likitoci. Tsofaffi suka shiga gasa da 'ya'yansu.

“Tawa sau ɗaya take soka allura, ko ji ba na yi.”

“Yo kai me kake ji dama? Ai tun a Koriya jikinka ya mutu.”

Wannan shekarar ita ce mafi daɗi a rayuwar Manang Feling, na faɗa ba na jin kunya. Har ta fara saka jan baki.

Yaran suka gama makaranta, suka zauna jarrabawar ƙasa, sakamako ya fito a watan Agusta: su goma duk sun ci. Aka soya taliya, tsofaffi suka yi waƙoƙin bariki da muryoyinsu masu rawa. Washegari Manang Feling ta jera takardun ɗaukar aiki guda goma a kan tebur ta ajiye biro. Yaran suka yi murmushi, suka ce, “To, Mam, za mu duba.” Biyu suka sa hannu a ranar. Mako ya wuce, na biyu ya bi shi, sauran takardu takwas ɗin suna nan fes. Duk wadda ta tambaya sai ta sunkuyar da kai ta ce, “To, Mam, gobe.” Mu kuwa mun san irin wannan “to” ɗin, ita ma ta sani, ta dai ƙi yarda.

Sai kuma ta lura tsofaffin sun tsiri neman ambulan da kan sarki. Tatang Anong, maƙwabcin gadon Tatang Sebio, wanda ya shekara shida ba ya magana da 'yarsa saboda ta sayar masa da gona, sai ga shi a layin waya yana “'yata, 'yata” da murya mai daɗi. Wata hantsi tana tahowa da tiren magani ta jiyo su a baranda suna shan rana.

“Tawa Landan za ta. Jikar yayana ta samo mata gurbi.”

“Landan? Ruwan sama da dankali! Tawa Honolulu, inda rabin gari 'yan Ilocos ne.”

“Ku yi ta cika baki. Riyad ba a jira, wata uku ta tafi.”

“Riyad kuma? Kai dai ba ka son yarinyar nan.”

Ta ajiye tiren da ƙarfi. Tsofaffin suka waiwayo, Tatang Anong ya shiga tarin ƙarya. Ashe duk wasiƙun nan da wayoyin nan, hanya suke nema wa 'ya'yan da ta ba su. Kowane tsoho ya tono duk wani dangi da yake da shi a bayan teku, ya ce ga 'yata ta coci, a taimaka mata. Tirƙashi! Ita ta ƙulla zumuncin da hannunta don ya riƙe yaran, ta manta a ƙasarmu babban abin da uba ke yi wa 'yarsa shi ne ya fitar da ita.

Abu ɗaya ya rage mata. Babu asibitin waje da zai ɗauki yarinya sai da takardar shaida daga hannun wadda ta horar da ita. Akawu ya riga ya buga guda takwas ya ajiye mata a tebur, ko kunya bai ji ba. Ta tattara su ta jefa a aljihun tebur, ta kulle, ta rataya makullin a wuya tare da carbinta. Yaran ba wadda ta iya tunkararta, kunya ba za ta bar su ba. Sai suka ƙara ƙwazo, suna gaishe ta har ƙasa, ita kuwa ko kallo ba su ishe ta ba. Tsofaffin ma ta daina yi musu wasa. Ta ba ka maganinka, ta duba ka haɗiye, ta wuce. Mako uku ana haka, ɗakin ya yi nauyi kamar gidan makoki.

Amma a garinmu, in kana neman abu wurin babba ba ka zuwa da kanka. Dattijon da ba a iya kallon idonsa a ce a'a, shi kake turawa. Kuma dattawan nan ita ta raba musu.

Ranar Alhamis da safe, bayan wanka, ta ji ƙarar keke a ƙofar ɗan ofishinta. Tatang Sebio ne, da hular soja da lambobinsa uku a ƙirji, Tatang Anong na tura shi yana haki. Sauran ubannin yaran su shida suna baranda a jere, kowa da hularsa.

“Feling, mun zo roƙo.”

“Ba lokacin ganin mutane ba ne.”

“Mu ba mutane ba ne, marasa lafiya ne. Anong, tura ni ciki.”

Ta ajiye biro. “Tatang, ka san abin da zai faru in yaran nan suka tafi?”

“Na sani. Manila.”

“Ba Manila ta hoto ba. Gado ɗaya cikin ɗaruruwa. Ba mai jin harshenka, ba wanda ya san ba ka iya haɗiyar ƙwaya sai an daka. Ranar da ka mutu baƙi za su rufe maka ido.”

“Na kwanta a ramin da ya fi wannan muni.”

“Lokacin kana da ƙafa biyu!” Muryarta ta tashi har na baranda suka ji. “Don ku na yi! Don ku na yi ta yawo ofis-ofis kamar mai bara, don ku na kwashi kashin ɓera da hannuna. Saura wata uku, Tatang. Nas shida kawai ake nema. Ku da kanku za ku rushe ɗakin a kanku?”

“Mun sani, 'yata. Allah ya saka miki.” Ya gyara zaman hularsa. “Amma ke kika kai ni gaban limami kika ce ga 'yarka. Na ce na karɓa. Kin ɗauka wasan yara nake yi? Na ci miyar uwarta shekara guda. Na ga hannun ubanta. Ƙannenta huɗu suna jiran ta. To me zan yi mata? In zaunar da ita tana wanke mini gindi har in mutu, sannan ta koma wanke na wanda za a kawo gadona?”

“Aikin da na yi shekara talatin da ɗaya ke nan.”

“Shi ya sa.”

Ta dube shi. Shi kuwa ƙafafunta yake kallo, da takalman da ta tsaga gefensu da reza don su shiga.

“Ba zagi ba ne, Feling, na rantse da Allah. Kullum muna kwance muna kallonki, ba mu da wani abin kallo. Duk ƙasar nan babu mai hannunki. Me aka yi miki? Wa zai zauna jinyarki ke? Da mahaifinki yana raye, da ya tura ki jirgi ko kina kuka.” Ya numfasa. “Ba na so Jovelyn ta zama ke.”

Kaico. An zage ta a aikin nan, an tofa mata yawu, wani tsoho ya taɓa jifanta da fo, duk ba su yi mata ciwo kamar wannan ba. Ƙawayenta na Kirsimeti ta saba da tausayinsu, ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, don ta ɗauka akwai mutum goma sha shida a duniya da suka san darajar zamanta. Ashe su ma tausayinta suke ji. Ashe shekarun nan duk, da suke ce mata sannu, a ransu cewa suke Allah ya kiyashe 'ya'yansu da irin rayuwarta. Kuma ba da mugunta ya faɗa ba, da ƙauna ya faɗa.

Ta ciro makullin daga wuyanta. Ta sa hannu a takardun ɗaya bayan ɗaya, a ta shida biron ya huda takarda saboda dannawa. Ta miƙa wa Tatang Sebio, ya ɗora a cinya ya dafe da hannu biyu.

“Anong, juya ni. A hankali, kai jaki, ba tankar yaƙi ba ce.”

Da rana Jovelyn ta same ta a ɗakin magani, ta durƙusa tana kuka tana neman hannunta. Manang Feling ta ce, “Tashi, Ading. Goge idonki, akwai allurar ƙarfe biyu.” Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan har yarinyar ta tafi.

Ɗaya bayan ɗaya suka watse, wasu Manila wurin dillalan aikin waje, wasu kai tsaye filin jirgi. Kowace tafiya sai an soya taliya, tsohonta ya sa hula a ɗauki hoto. Ƙarshen Disamba aka ƙirga nas ɗin Ɗaki na Huɗu: huɗu ne, har da ita. Dakta Pascua ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, wataƙila ma ya yi. Ya ƙara da cewa can sama an yaba da tsarin ƙwarai, goma cikin goma ba wasa ba ne, ana so baɗi ta ɗauki ɗalibai ashirin don sauran ɗakuna. Ya ce har allon yabo za a ba ta.

Da safiyar wata Litinin a Janairu motoci biyu suka zo. Ita ta shirya kowa da hannunta, ta ɗaure wa kowane tsoho magungunansa a leda, ta rubuta sunansa a jiki. Wasu ba su ma gane inda za a kai su ba, wani yana tambaya ko fareti za a je. Tatang Sebio aka ɗora ƙarshe. Ya leƙo ta taga, ya rame, bakin nan duk ya yi sanyi.

“Feling. Har yanzu fushi kike yi?”

“Ina yi.”

“To, yi. Kin isa.”

Motocin suka tashi, suka bi ta gefen gonakin taba, suka ɓace a kwana. Ta daɗe a tsaye bakin ƙofar asibitin, hannunta a aljihu, ba ta san ɗakin da za ta koma ba.

“Mam? Don Allah ke ce Mam Rabanal?”

Wata mata ce da hular kaba irin ta gona, riƙe da damin tafarnuwa, wata budurwa na ɓoye a bayanta. Tun asuba suka taso daga ƙauye, in ji ta, mota biyu suka hau. Ta miƙo tafarnuwar da hannu biyu, fuskarta cike da fara'a.

“'Yata ce, bana za ta shiga shekarar ƙarshe. Don Allah ki sa ta a cikin naki. Duk ƙauyenmu maganarki ake yi, Mam. An ce hannunki na da albarka, duk yarinyar da ta bi ta wurinki ba ta ƙara shekara a ƙasar nan.”

Manang Feling ta dubi matar, ta dubi yarinyar, wadda ke murza bakin rigarta don kunya. Ta karɓi tafarnuwar.

“Ta zo ranar Laraba da takardunta,” in ji ta.